Dutse Mai Farar Hula

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ba. In ta zauna, ƙafarta na rawa. In aka tambayi wani, ita ce da amsa. 'Yan ajinsu suna kiranta Gaggawa, kuma wallahi ba su yi mata ƙage ba.

Ranar Alhamis iyaye za su zo makaranta ganin ayyukan yara. Malama ta kawo faffaɗan katako, ta zana taswirar Afirka a kai, ta raba wa kowa yankinsa.

"Nahiyar nan faɗi gare ta," in ji Malama. "Ƙasashenta sun fi hamsin, harsunanta sun fi dubu. Kowa ya karanta littafi kafin ya taɓa komai."

Gaggawa aka ba hamada. Ta shafa gam, ta barbaɗa yashi, ta dasa raƙuma biyu na kwali. Kafin a tashi ta gama. Daga nan sai yawo a kan aikin mutane.

"Wannan dorina ce ko tukunya?" ta ce wa mai yin kogi.

"Gwaggon birinka ba ya cin abinci ne?" ta ce wa mai yin kurmi.

Ba ta bar masu yin masunta ba, ba ta bar masu yin makiyaya ba. Har mai gina benayen birni sai da ta sa masa baki.

Ƙawarta da suke zama benci ɗaya kuwa ba ta da hayaniya. Gabas aka ba ta. Kwana uku tana jiƙa takarda da gam tana gina wani dogon dutse. Da ya bushe, ta liƙa farar auduga a kansa.

Ranar Laraba da aka fita tara, Gaggawa ta dawo aji ɗaukar biro. Idonta ya faɗa kan dutsen.

"Kai! Ƙanƙara a Afirka? Da wannan zafin?" ta ce ita kaɗai. "Gobe iyaye su yi ta yi mana dariya. Bari in gyara mata."

Ta kama audugar ta ja. Ashe gam ya kama da kyau. Ta ƙara ja da ƙarfi. Ɓas! Kan dutsen ya ɓalle gaba ɗaya, ya biyo hannunta.

Tana tsaye da shi a hannu aka buga ƙararrawa, yara suka shigo.

"Wayyo dutsena!" Ƙawarta ta fashe da kuka.

"Me ya kai hannunki wurin?" Malama ta tambaya.

"Malama, gyara zan yi. Ai babu ƙanƙara a Afirka."

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe littafi, ta ajiye a gabanta. Ga hoton wani ƙaton dutse, raƙuman dawa suna kiwo a ƙasa, kansa kuwa fari fat.

"Kilimanjaro ke nan," in ji Malama. "Duk sa'ad da aka ƙara hawa sama, sanyi ƙaruwa yake yi. Kin karanta wannan shafin?"

"A'a, Malama. Nawa ma rabi na karanta."

"To, ba za mu nuna wa iyaye karyayyen aiki ba. In bai gyaru ba kafin gobe da ƙarfe goma, taswirar tana nan a aji."

Aji ya kaure da gunaguni. Kowa ya harare ta. Ƙawarta ta matsa can ƙarshen benci. Kunya ta kama Gaggawa kamar ta shige ƙarƙashin tebur.

Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Ta shiga ɗaki, ta fito tsakar gida, ta koma.

"Ke, kin ishe ni da zirga-zirga!" in ji Mama. "Me kika ɓata?"

Ta faɗa mata komai. Mama ta girgiza kai, ta ɗauko sabuwar auduga daga akwatin magani.

"Ga wannan. Amma ki fara da ba ƙawarki haƙuri. Shi ya fi wuya."

Washegari Gaggawa ta riga kowa zuwa. Da ƙawarta ta shigo, ta tare ta a bakin ƙofa.

"Don Allah ki yi haƙuri. Ke ce kika karanta, ni ce ban sani ba."

Ƙawar ta ce, "Ni zan shafa gam. Ke ki riƙe. In kika motsa, ya sake faɗuwa."

Gaggawa ta riƙe. Hancinta ya yi ƙaiƙayi, ba halin sosawa. Ƙuda ya sauka a goshinta, ta bar shi. Hannunta ya yi tsami.

"Ya bushe?"

"Bai bushe ba."

"Yanzu fa?"

"Ke dai riƙe!"

Sai kusan ƙarfe goma Malama ta duba, ta ce ta saki. Ta ɗaga yatsunta a hankali. Dutsen ya tsaya! Yara suka yi ihu, suka kinkimi katakon sai babban ɗakin taro.

Iyaye suka kewaye taswirar. Baban Gaggawa ya sunkuya, ya gyara tabarau.

"A'a, wa ya manta auduga a nan?" ya ce, ya miƙa hannu zai cire.

Caraf, Gaggawa ta riƙe hannunsa. "Baba, kar ka taɓa! Ƙanƙara ce. Ga mai dutsen nan, ita za ta yi maka bayani."

Ƙawarta ta yi murmushi ta fara bayani, Baba yana ta gyaɗa kai.

Daga ranar Gaggawa ta gane cewa duniya ta fi abin da ta saba gani a ƙofar gidansu. In ka ga abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka kai hannu.