Tulun Irin Kaka Altine

Ran Talata ne ruwan shuka ya sauka a Maijirgi, bayan an gaji da kallon sama. Tun hantsi hadari ya haɗo daga gabas, ya zuba har ƙasa ta sha ta ƙoshi. Gari ya cika da murna, amma Matiyu yana tsaye a zauren gidansu, jikinsa duk ya mutu.

Dabora ta shigo da gudu, ta lulluɓe kai da zane. Ɗalibar aikin gona ce daga jami'ar Maraɗi, tana cikin waɗanda aka saukar a gidan don su yi istaj, wato horon aiki a gona.

"Masoyi, ka faɗa wa kaka?"

"Na kasa..."

"Matiyu, yau za ta buɗe tulun. Kai da bakinka ka ce ran ruwan shuka take buɗewa."

"Na sani. Ki bar ni in yi numfashi."

"In ba ka iyawa, ni in je."

"Ki ce mata mi? Ke kika ɗauka?"

Idanunta suka ciko.

Kakansa Bawa ne ya gina gidan, shekarar babban fari, lokacin da soja suka fara karɓar mulki. Daga arewacin Mayahi suka taso da ƙafa, shi da matarsa Altine. Shanunsu suka mutu a hanya, ba su iso da komai ba sai irin gero ƙulle a bakin zanenta. Tun daga nan, duk lokacin girbi Altine kan zaɓi zangarniya masu kyau, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakinsa da laka. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa tulun nan sai ruwan shuka ya sauka.

Bana fari ya dawo, soja ma sun dawo. Baban Matiyu da ƙannensa suka kwashi iyali suka tafi cirani Najeriya, aka ba ɗalibai hayar ɗakunan. Turakar Bawa ta koma ɗakin karatu, aka kafa allo inda ake ɗaure jaki. Altine kaɗai ta ƙi barin ɗakinta, aka bar Matiyu ya kula da ita.

A nan ya san Dabora. Ita kaɗai cikin ɗaliban ba ta taɓa yi masa dariya don ya bar lakkwal, makarantar boko, tun yana ƙarami ba. Wata rana ta ce da za ta samu tsohon iri mai jure fari ta gwada, da aikinta ya yi kyau. Ba ta roƙe shi ba. Shi ne ya jira tsohuwa ta tafi majami'a ran Lahadi, ya ɓare lakar, ya juye tulun duka, ya cika shi da rairayi ya sake liƙewa. A ransa, in an girbe zai mayar ninki biyu. Ya ce wa Dabora kaka ce ta bayar.

Don zumuɗi, ya ce su yi binne, su shuka a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, nata ya riga na kowa fitowa. Yayyafi ya sauka, iri ya tsiro, rana ta biyo baya ta ƙone shi kaf. Sai a ranar ya faɗa wa Dabora gaskiya.

"Mijina, ina ka shige?" Muryar Altine ce daga cikin gida. "Zo ka fito mini da tulu, raggon miji."

Ya ɗauko ya ajiye gabanta. Dabora ta tsaya bakin ƙofa.

"Dubi yadda yake nishi," in ji tsohuwa tana dariya. "Yarinya, kin tabbata wannan za ki aura?"

Ta rufe ido ta gode wa Ubangiji, ta fasa lakar, ta zura hannu. Ta daɗe ba ta fitar da shi ba. Da ta fitar, rairayi ne ke zuba tsakanin yatsunta.

"Kaka, ni ne..."

Dabora ta durƙusa. "Kaka, saboda ni ya yi."

"Tashi, ɗiyata. Ke baƙuwa ce, ba ki san inda tulu yake ba." Ta juya ga jikanta. "Kun shuka?"

"Mun yi binne."

"Ya tsiro?"

"Ya tsiro, kaka... rana ta cinye shi."

Ta karkaɗe hannunta a hankali. "Da ka tambaye ni, da na ba ka tafi guda, kuma da na ce ka jira yau." Ba ta yi kuka ba. Ta dubi tsakar gida, ta ce, "Abin da nake tsaro a nan ya ƙare. Nemo mini amalanke, za ni wurin ɗiyata Rebeka a Mayahi."

Ya roƙe ta har ya kwanta a laka, ta dai ci gaba da ɗaure kayanta.

Ran da istaj ya ƙare, Dabora ta same shi a zaure da jakarta a kafaɗa.

"Ina sonka, Allah ya sani," ta ce, hawaye na zuba. "Amma duk sanda na dube ka, hannunta nake gani..."

"Ki ba ni shekara guda, zuciyata."

"Ka ba ni irin nan ne don ka faranta mini, ni ma ban tambaye ta ba. Laifin mu biyu ne. Ba zan iya shiga gidanku amarya ba."

Ta fita, bai bi ta ba.

Da wasu ɗalibai suka zo, aka shafe ɗakin Altine da siminti, aka sa gadaje biyu.

A damina guda Matiyu ya rasa tulu ɗaya na irin da babu shi a gidan kowa, da ɗaki na ƙarshe da iyalin Bawa ke kwana a ciki, da Dabora, da kakar da ta rasu a Mayahi kafin girbi, bai kai mata ko zangarniya ɗaya ba.