Farantin Hamdatu

“Ki faɗa min gaskiya, Rabi'atu, me ke damun yarinyar nan?”

Da wannan Kadri ya tare ni tun daga bakin ƙofa, ko jakata ban ajiye ba. Na dawo daga aikin kula da wata tsohuwa a unguwar University Heights, nan Amurka, ƙafafuna kamar ba nawa ba, ga mijin da bai taɓa ɗaga min murya ba yana tsaye riƙe da baƙar leda.

Ya zazzage ta a kan tebur. Fankon biskit, ledojin cakulan, na soyayyen dankali... duk an lashe su tas.

“A ƙarƙashin katifarta na same su!”

“To ni na saya mata?”

“Ba ke kika ce za ki kula da abincinta ba?”

Yarinyar da kullum nake kwashe farantinta da rabin abinci a ciki, ita ce kuma take cin wannan a ɓoye? Yunwa take ji ko ƙoshi? Fushi take da ni, ko me?

Ni Bakanuwa ce, Kadri kuma ɗan Zangon Kumasi ne, direban tasi. A masallacin unguwar Tremont muka haɗu ranar Sallah, ya zo da 'yarsa Hamdatu, kanta a cukurkuɗe, shi kuma yana ta fama da ɗankwalinta kamar mai naɗe buhu. Na kasa haƙuri na ce, “Malam, kawo ta nan kafin ka shaƙe ta.” Ya yi dariya, ni kuma daga ranar zuciyata ta ƙi zama lafiya. Matarsa Safiatu ciwon sukari ne ya taɓa mata ƙoda har ta rasu. Na aure shi da sanin cewa biyu na aura, shi da 'yarsa, kuma ina son su duka.

A gidansu na unguwar Mount Hope, Amurka ko ba Amurka ba, a babban tire ɗaya ake cin abinci, a ƙasa, kan leda. Kadri yana da wurinsa, Hamdatu tana da nata. Gefen taga kuwa ba mai zama, wurin marigayiya ne. Ba wanda ya faɗa min, ni na gane da kaina, na riƙa zama ta ɓangaren ƙofa.

Lafiya lau muke har ranar da muka kai Hamdatu asibiti awon lafiya. Likitar ta sa ta fita, sannan ta ce nauyinta ya ɗan wuce na 'yar shekara tara, ga kuma tarihin mahaifiyarta.

“A kula da abin da take ci,” in ji ta, “amma kada a sa ta tsargu.”

To ta yaya ake haɗa biyun nan? Ban tambaya ba, kunya ta hana ni, ni da nake aikin kula da marasa lafiya. A mota Kadri ya riƙe hannuna.

“Rabi'ata, ki taimake ni... ba zan iya sake rasa wata ba.”

Washegari na sayo faranti mai gida uku, ruwan hoda, har da furanni. Nan shinkafa kaɗan, nan ganye, nan kifi. Ina ta murna na yi dabara! Da na ajiye mata shi a gefen tire, ta kalli farantin, ta kalli babanta, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja shi gabanta.

Tun daga ranar Hamdatu ta daina dariya.

Kwana biyu bayan rikicin ledar nan, sai ga Hajiya Balki, mahaifiyar marigayiya, ta taso daga Tremont ba sanarwa, ta same mu muna cin abinci. Idonta bai sauka ko'ina ba sai kan farantin.

“La ilaha illallahu! Kadri, da ranka aka ware maraya?”

“Hajiya, likita ce...”

“Likita ya haife shi?” Hausarsu ta Kumasi ba ruwanta da mace ko namiji, amma ranar ban ji abin dariya a ciki ba. “Dubi wuyan yarinya! A Zango in yaro ya rame a hannun matar uba, kowa ya san ma'ana. Asabar zan zo in tafi da jikana.”

Na buɗe baki, Kadri ya girgiza min kai. Surukarsa ce, ba ya iya musu da ita. Bayan ta tafi ya zauna ya dafe kansa.

“Abban Hamdatu, ka ce wani abu mana.”

“Me zan ce? In ta ci, ina tsoro. In ba ta ci ba, ina tsoro.” Ya ɗago idonsa jawur. “Ina sonki, Rabi'atu, Allah ya sani. Amma in yarinyar nan ta bar gidan nan, ban san abin da zai rage mana ba.”

Maganar ta soke ni, kuma na kasa ganin laifinsa. In na ciyar da ita, na cuce ta. In na rage mata, na zama muguwar matar uba. Ni Rabi'atu, ina zan sa kaina?

Ranar Juma'a da yamma na zaunar da ita zan yi mata kitso. Na ce ko tafiyar ce, ba za a ce ta bar hannuna da kai a tsefe ba. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kamar duk yaran unguwar. Na kai rabi ke nan ta yi magana, muryarta can ƙasa.

“Anti, yaushe za a kai ni asibiti in kwana?”

“Asibiti kuma? Wa ya ce miki?”

“Haka aka yi wa Mma ai.”

Hannuna ya tsaya cak.

“Da tana ci tare da mu,” ta ce. “Sai likita ya yi magana da Baba a ɓoye, sai aka ba ta farantinta daban. Sai asibiti. Sai ba ta dawo ba.” Ta juyo ta kalle ni. “Ni ma an fitar da ni waje an yi magana. Ni ma an ba ni faranti.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

“Hamdatu... cakulan ɗin nan fa?”

“Mma ta yi ta roƙon a ba ta abu mai zaƙi, aka hana ta. Ni ina so in ci nawa tun da sauran lokaci.”

Ban san sanda na jefar da matsefin na rungume ta ba. Ina kuka ina cewa, “Ba mutuwa za ki yi ba, 'yata, wallahi lafiyarki ƙalau, ba abin da ya same ki!” Ita kuma ta ƙanƙame ni tana ta tambaya, “Kin tabbata? Ki rantse!”

Na kira Kadri. Ya baro aikinsa a titin Grand Concourse ya taho. Da ya ji, sai ya durƙusa a gabanta, ƙaton mutum, ya kasa cewa komai sai sunanta. Kafin a tashi aiki a asibiti na buga wa likitar waya, wannan karon na ajiye kunya.

“Ai ban ce a ware ta ba,” ta ce. “Tukunyar za ku gyara, ta kowa da kowa. A rage mai, a ƙara ganye, ku fita yawo tare. Cakulan ma a ci wani lokaci, a fili. Kuma kada kowa ya ƙirga mata loma.”

Ashe! Ni da na zaci yarinyar ce ke buƙatar gyara.

Asabar da azahar Hajiya Balki ta iso da jakar zuba kaya. Na riga na sauke tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, mai kaɗan, kifi da yawa, duk a tire ɗaya. Kadri ya gaishe ta, sannan a karon farko ya yi mata doguwar magana, ya faɗa mata abin da Hamdatu ta ce.

Hajiya ta zauna a hannun kujera.

“Ni na ware wa Safiatu nasa farantin,” ta ce a hankali. “Da hannuna. Yarinya yana kallo ashe...”

Ta share ido da bakin mayafi, ta leƙa tiren, ta taɓe baki.

“Wannan miya ba mai. Haka kuke yi a Kano?”

“Haka za mu riƙa yi a nan, Hajiya.”

“Hmm. Kawo ruwa in wanke hannu.”

Ta ture jakar da ƙafa ta sauko ƙasa, ta zauna daidai ɓangaren ƙofa, wurina. Na tsaya riƙe da kwanon ruwa ina raba ido. Har yanzu ban san ko na iya riƙon 'ya ba, ban san abin da sikeli zai ce nan gaba ba, yanzu kuma ko wurin zama ba ni da shi.

Hamdatu ta kai hannu cikin tuwo, ta tsaya. Ta kalli babanta, ta kalli kakarta. Sannan ta dafa ledar da ke gefen taga, wurin da ba wanda ya taɓa zama tun zuwana, ta yi magana da Hausarta mai tuntuɓe.

“Anti... zo nan. Tuwo yana hucewa.”

Na kalli Hajiya. Ba ta ɗago ba, sai dai ta gutsuro kifi ta tura shi ta gefen taga.

Na zauna.