Muryar da Ke Allon Jira

Magariba ta kawo jiki, Umma tana kwashe shanya a baranda, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyun a tsakiyar falo ya sauka, alhali tagogi duk a rufe suke.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Injiniya, bai ko ɗago kai daga kwamfuta ba. A kamfanin wasannin waya yake aiki, amma ba shi ke tsara wasan ba. Rabonsa shi ne ɗan lokacin nan da allo ke lodi, mai wasa yana jira, yatsansa yana ƙaiƙayin fita. Ana biyansa ne don kada kowa ya fita. Ya gwada zobe mai juyawa, ya gwada kacici-kacici, mutane dai ba su daina gudu ba. Daga nan ya tuna da 'yarsu Auta, wadda in ta roƙi abu ko mai zuciyar dutse sai ya ba ta.

Ya kai ta ɗakin ajiyar kaya na bayan gida, inda babu hayaniya, ya sa ta maimaita a makirufo: "Shigo mana. Zauna. Kada ka tafi ka bar ni." Umma ta gaya masa rana na faɗuwa, ba a kiran baƙo a ɗakin da babu kowa. Ya yi dariya, ya ce duk da digirinta har yanzu kakarta ce ke magana da bakinta.

Muryar ta yi aiki. Masu wasa suka daina fita, aka yaba masa a ofis. A makon ne jifa ta fara.

Bayan jifar, Auta ta soma tsayawa. Takan ɗauki cokali, ya kai rabin hanya, sai ta sandare, idonta a buɗe, har abincin ya huce. Asibiti suka ce lafiyarta ƙalau. Ranar da Umma ta ji muryar tsoho tana gunaguni daga bakin yarinyar, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta kira yayanta, ya zo da wani malami mai ruƙiyya.

Malamin ya zauna kan darduma bayan la'asar, ya daɗe yana karatu. Inuwa ta cika ɗakin kafin Auta ta juyo da kai a hankali, ta dube shi.

"Ni ba ɓarawo ba ne, malam," in ji muryar. "Gayyatata aka yi."

Aljanin ya ce tun kafin a aza tubalin gidan yake wurin, bai taɓa ko kazar kowa ba. Yarinya ta ce ya shigo, ya shigo. Ta ce ya zauna, ya zauna. Yanzu kuwa duk inda aka buɗe wasan nan a duniya, shi ake kira, babu dare babu rana, alhali ko jaki ana sauke masa kaya. Malamin ya tsoratar da shi da azabar Ubangiji, ya tambaye shi me zai karɓa ya fita. Aljanin ya ce abu ɗaya: a cire muryar daga wasan yau.

Umma ta ji numfashinta ya dawo. Ta juya ga mijinta, tana jiran ta ga ya ruga ga kwamfuta.

Injiniya ya yi gyaran murya. Ya ce abin ba haka yake tafiya ba, sai shugabanni sun amince, ga shi kuma ƙarshen wata za a fitar da sabon zubin wasan. Ya tambayi malamin, cikin ladabi, ko za a iya roƙon aljanin ya ɗan ƙara haƙuri.

"Baban Auta," in ji Umma.

Dariyar da ta fito daga ƙirjin yarinyar ta fi ƙarfin ƙirjin.

"Ka ji ko, malam? Amma mu ake kira shaiɗanu. To, ya riƙe muryar da ke cikin waya. Ni zan tafi da ta maƙogwaro."

Malamin ya ɗaga murya da karatu, amma Auta ta riga ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta gane kowa. Ta buɗe baki ta kira Umma, leɓɓanta suka motsa, iska kawai ta fito.

Jifa ba ta sake faɗowa ba. Aka ƙara wa Injiniya girma.

Umma, wadda ba ta taɓa wasan waya ba, ta sauke wasan a tata. Ba a jima ba ta gano cewa in ta kashe data ana cikin lodi, allon ba ya wucewa. Takan zauna a kicin, wayar manne da kunnenta, Auta kuma tana tsaye bakin ƙofa tana kallonta.

Wata rana suna cin abinci, Injiniya ya ba da labari cikin nishaɗi, wai akwai wani mai wasa da ke shafe sa'o'i a allon jira ba ya motsi, har an sa shi cikin rahoton nasarar kamfani. Ya ce da ya san ko wane ne, da ya aika masa kyauta.

Umma ta tura masa kofin ruwa.