Afuwar Janar Tukur

"A yi layi! Kai mai jar hula, koma baya — ba a tsallake layi a ƙasata!"

Janar Tukur ne ke wannan tsawa, bindiga a hannu, a hanyar Ikara zuwa Makarfi da la'asar. Sun tare babbar mota maƙare da shinkafa, madara da sabulu, kayan da a lokacin sai mutum ya wuni a rana kafin ya samu gwangwani ɗaya. Fasinjoji suka jeru suna kyarma. Yaransa, Ɗan'azumi direba da Ilisha, suka shiga jidar kaya zuwa a-kori-kurarsu.

Kada sunan ya ruɗe ku. Tukur bai taɓa kwana a bariki ba, kakin ma na gwanjo ne. Tun da ya ji sojoji sun ƙwace mulki suna zuba dokoki a rediyo, ya ce shi ma ba a fi shi baki ba. Ya mai da wata bukka a bayan gonar rake ta Saulawa ƙasa sukutum: Jamhuriyar Bayan Rake, mai mutum uku. Ya naɗa Ilisha alƙalin alƙalai, don shi kaɗai ya gama firamare. Sai ya zuba nasa dokokin. Wanda ya makara, tsallen kwaɗo. Wanda ya yi hamma Janar na jawabi, ya kwana da yunwa. Wanda ya raina Janar, kora daga ƙasa, a sauke shi duk inda ake, ba takalmi. Wanda ya gudu da ƙafarsa kuwa, harsashi.

Korar nan Ilisha yake nema yau ido rufe. Yana da mata da goyo, ga dokar sojojin gaske na ɗaure ɗan fashi a jikin ganga a harbe. Ya riga ya lallaɓa wurin Saje Usmanu na 'yan sanda, ya faɗa masa gadar da za su bi su kai kayan zuwa Kudan. Saje ya ce masa, "Ka sauka kafin gada. Duk wanda na samu a motar, ban san shi ba."

Cikin layi wata tsohuwa mai suna Kulu ta ɗaga hannu.

"Ɗana, jarina ke nan kaf. Ko sabulu ɗaya ku bar min."

Ilisha ya ɗauki katan guda ya dire mata a gaba, ba tare da ya nemi izini ba. Ya juyo yana jiran hukunci.

"Alƙali! Dukiyar ƙasa ka bayar?"

"Na bayar ɗin."

Janar ya shafa gemu. "Da kyau. Talakawa su san gwamnati na sonsu. Mu tafi!"

A ƙarƙashin gada, Saje Usmanu da mutanensa sun laɓe cikin ciyawa. Motarsu ba mai, turo ta suka yi tun daga bakin titi.

"Oga, tururuwa fa na cin mu."

"Su ci. Kai dai ka ɗana bindiga."

A-kori-kura ta wuce Gazara a guje, su ukun a matse a gaba. Gumi ya jiƙa rigar Ilisha. Ya fasa gwangwanin madara ya shanye a gaban Janar, ya yi gyatsa mai ƙarfi. Janar ya ce a sha lafiya.

"Tukur!" in ji Ilisha, ba Janar ba komai.

Ɗan'azumi ya kusa sakin sitiyari.

"Tukur, kai ba janar ba ne. Kakinka warin akuya yake. Jawabinka ko jaki ba zai saurara ba!" Ya fizge hular Janar — fiit! — ya wurga ta taga.

"Kora! Wallahi kora ce wannan!" in ji Ɗan'azumi, ya taka birki. "Cire takalmi, shege!"

Ilisha ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi cikin murna. Ga rufin gidajen Kudan can nesa, ga gada ta fara bayyana. Ƙafa ɗaya ta fita waje.

Janar ya riƙo shi. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Tun da nake mulki ba wanda ya taɓa faɗa min gaskiya sai kai. Kun manta yau ce ranar 'yancin Jamhuriya? Na yi wa duk masu laifi afuwa!"

"Janar, doka fa! Ni ne alƙali, na ce a kore ni!"

"Ka ji amana, Ɗan'azumi? Har kansa bai bari ba. Rufe ƙofa. Taka mota!"

"Don Allah Janar, ka bi doka —"

Tau! Tau! Taya ta fashe. Motar ta yi juyi biyu ta faɗa rafi, madara ta malale ko'ina. Ɗan'azumi bai sake motsi ba. Aka jawo sauran biyun ta taga. Ilisha ya ɗago, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Saje, ni ne! Ni ne fa!"

Saje Usmanu ya dube shi sama da ƙasa. "A sa masa ankwa."

Kotun soja ba ta yi dogon zama ba, kuma ita ba ta san afuwa ba. Ranar da aka kai su fili, jama'a suka cika maƙil har kan bishiyoyi. Ilisha ya hango matarsa da goyo a baya, ya sunkuyar da kai. Aka ɗaure su a gangunan da ke kusa da juna. Har ranar Tukur bai san wanda ya sayar da su ba, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan.

Ya juyo da ƙyar cikin igiya.

"Alƙali, ka yafe min. Da na kore ka, da yanzu kana gida."

Ilisha ya buɗe baki zai faɗa masa. Ya ga sojoji sun riga sun durƙusa.

"Na yafe, Janar," ya ce.