Matsayar Bas Da Babu A Taswira

An saki direban bas ɗin jiya da hantsi, bayan wani tsoho ya amsa cewa shi ya zana matsayar da ta yi sanadin mutuwar wata mata. Sufeton 'yan sanda ne ya je ya ɗauko tsohon da kansa, a sabon titin da aka ware wa bas layinta.

Ranar Litinin da safe abin ya faru. Bas ta tsaya, matar ta sauka ta ƙofar baya, babur ya kwashe ta. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Kamfanin bas ɗin ya ce direba ya tsaya inda babu matsaya, aka sa shi bayan kanta, ana shirin kai shi kotu.

"Yallaɓai, wallahi akwai zanen rawaya," in ji direban. "Ni sabo ne a hanyar. Inda na ga an rubuta BAS, nan na tsaya."

"Wa zai zo belinka?" in ji Sufeto.

"Ba ni da kowa a garin nan."

Shi ma Sufeto, tun da aka yi masa canjin wurin aiki, daga shi sai rediyonsa a ɗaki.

A wurin da abin ya faru ya tarar da injiniyar da ta tsara titin. Ta warware taswira a kan motarsa.

"Nan tsohuwar matsaya ce, mun soke ta," ta ce. "Mun mai da ita can gaba, inda muka gina dogon dakali. Wannan dakalin gajere ne. Ƙofar gaba za ta same shi, ta baya kuwa a kan hanyar babura za ta buɗe."

"Ba mutanenki suka yi zanen ba?"

"Namu inji ke zuba shi da zafi, yana da kauri."

Sufeto ya durƙusa ya kankare layin da farce. Fenti ne na burushi, amma a miƙe sambal, haruffan kuma tsaf. Ya sa Sajan da ke tare da shi ya ja igiyar awo. Injiniyar ta leƙa ta girgiza kai.

"Awon tsofaffin bas ne, gajerun nan masu ƙofa ɗaya. Tun ina makaranta aka daina shi."

Akwai shagon kayan masarufi daura da wurin. Mai shagon ta rantse ba ta ga kowa ba.

"Ni da nake fama da ciwon ido, ɗana?"

"Allah ya sawwaƙe, Inna," in ji Sufeto. Ya tura wani gwangwani da ƙafa daga ƙarƙashin teburinta. Bakinsa duk rawaya. "Shi ma wannan ciwon idon yake?"

Sajan ya ƙunshe dariya. Matar ta gyara ɗaurin zani.

"Kananzir kawai ya saya ya wanke burushi. Da rana tsaka ya yi aikinsa, cikin rigar ma'aikata mai ƙyalli. Motoci har kauce masa suke. Na zaci hukuma ce ta dawo hayyacinta."

"Wa?"

Ta nuna gidan da ke kusa da haɓa.

Tsohon yana zaune a ƙofar gida, a ƙarshen wani dogon benci da zai ɗauki mutum goma. Ya matsa wa Sufeto, ko da yake wuri ba ya ƙaranci.

"Baba, me kake yi kafin ritaya?"

"Fentin titi. Rabin layukan garin nan hannuna ne."

"Har da wancan?"

"Sababbin yara ne suka yi shi."

"Sababbin yara ba su san awon gajerar bas ba, Baba."

Tsohon ya dubi tafin hannunsa.

"Tun da mai ɗakina ta rasu, masu jiran bas su ne mutanena," ya ce. "Su zauna a nan, mu gaisa, wani ya ba ni labarin ɗansa, wata ta yi mini tsiyar furfura. Da aka ɗauke matsayar, sai in wuni ban buɗe baki ba. Na ce bari in mai da ita, ai aikina ne. Tsofaffin direbobi suka riƙa wucewa abinsu. Sai wannan bawan Allah ya tsaya. Ban taɓa shiga doguwar bas ɗin ba, ɗana. Ban san tana da ƙofa a baya ba."

Sajan ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai. Tsohon ya kulle gidansa, ya tsaya da makulli a hannu yana dube-duben wanda zai bar wa. Daga ƙarshe ya sa a aljihu, ya shiga mota.

Da aka buɗe wa direban, babu wanda ke jiransa a bakin caji ofis. Sufeto ya raka shi har titi, suka tsaya tare har bas ta zo. Direban ya shiga cikin fasinjoji.

Har zuwa yammacin jiya, kamfanin bai ce ko zai mai da shi bakin aiki ba.