Kare Ɗaya Kacal Aka Yarda

Annelie na tsaye a kicin tana jera busasshen biskit a faranti, hawaye na ɗiga mata a bayan hannu. Mahaifinta, Oom Gawie, ya tsoma nasa biskit a gahawa kamar ba shi ya jefa maganar ba.

"Pa, don Allah, kare ne fa! Kare!"

"Kare?" Ya dire kofin. "Shekara arba'in da ɗaya ana haihuwar karnukan Jack Russell a gonar nan, fari da ja, ba a taɓa ganin baƙin gashi ko sili ɗaya ba. Duk 'yar da ta bar gidan nan da ɗan kwikwiyonmu take fita. In kin ɗauki irin karen matar can, foksi ɗin nan, to ki nemi mai riƙe hannunki ya shiga da ke coci. Ba dai ni ba!"

Na san Gawie tun muna firamare, kuma tun lokacin kansa ya fi dutsen yankinmu na Karoo tauri. Amma a nan ba zan ga laifinsa duka ba. Annelie na rarrafe wata rana gamsheƙa ta fasa kai a bakin baranda, kakar Nonna, karyarsa ta yanzu, ita ce ta shiga tsakani, 'yar abu da ba ta kai ɗan rago ba. Ina wurin. Har yau in na tuna yadda ta tsaya, tsigar jikina tashi take yi.

Matar can kuwa Tannie Hestie ce, uwar Ruhan, saurayin da Annelie za ta aura. Ita ma da nata dalilin. Da mijinta ya rasu ta yi wata biyu a kwance ba ta ko buɗe labule, sai foksinta Kolle, mai dogayen ƙafafu da baƙin kai da farin layi a goshi, ya riƙa jan bargonta kullum safe har ta miƙe. Ta yi alkawari ɗanta ba zai tare da amarya ba sai da irin wannan kare. Ga shi gidan da Ruhan ya kama a Bloemfontein, inda yake koyarwa, doka ce a rubuce: ƙaramin kare ɗaya kacal.

Rigimar ta fara ne ran da aka gasa rago don baikon yaran. Mutanenmu ba sa zuwa ko'ina ba kare a bayan a-kori-kura, don haka Tannie ta zo da Kolle. Gawie kuma ya kulle Nonna a rumfar askin tumaki, don lokacin barbararta ya yi, washegari zai kai ta garin Cradock wurin wani namiji mai takardun asali.

"Ɗan farko na Nonna naku ne," in ji shi yana juya nama.

"Ayya, Gawie, ai na riga ka," in ji Tannie. "Foksi za su riƙe. Naka sai tonon rami da yaga kujera."

"Naki kuma sai haushi da rawar jiki, kamar mai shi!"

Aka yi ta yi har naman ya ƙone. Ba wanda ya lura Kolle ya ɓace, sai can da za su tafi ya ɓullo da hanci buɗu-buɗu da ƙasa yana kaɗa jela. Tannie ta suri abinta ta ce in aka kai Jack Russell gidan ɗanta, ƙafarta ba za ta taka wurin biki ba.

Wata biyu aka yi a haka. Ruhan ya gaji, ya kira Annelie a waya.

"Bebi, mu je kotu kawai a ɗaura. Minti goma! Mu sayi kyanwa, kowa ya huta."

Ta yi dariya cikin kuka. "Sori, Ruhan, ba zan iya ba. Ina son Pa ya riƙe hannuna, ina son Tannie ta zauna a layin gaba."

"To wanne za ki zaɓa? Saura kwana tara fa!"

"Ban sani ba. Amma ba zan zaɓa da fushi ba."

Yarinyar nan ta ba ni mamaki. Kullum ta dafa wa ubanta gahawa yana kumbure-kumbure, kowace Asabar ta tuƙa mota ta je ta taya Tannie yi wa Kolle wanka. Kowa ya zage mata ɗaya, sai ta ce, "Na ji," ta ci gaba da aikinta. Ni da na ga haka na ce a raina bikin nan ya watse, har na fasa ɗinka rigata.

Da safiyar Laraba, rana ta fito ke nan, Nonna ta fara naƙuda a cikin kwandon ulu. Na je karɓar ƙwai na tarar da Gawie a durƙushe, Annelie na riƙe da tawul. Na farko ya zamo, ɗan mitsitsi, jiƙe sharkaf. Nonna ta yage masa mahaifa ta lashe shi, ta lashe shi, sai ga ɗan ƙirjin ya motsa, ya yi 'yar ƙara. Ba wanda ya koya mata, amma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Da gashin ya bushe, Gawie ya gyara tabarau. Kan ɗan kwikwiyon baƙi ne wuluk, da farin layi a goshi.

Na biyu ma haka. Na uku, na huɗu, na biyar.

Ya miƙe, ya zaga bayan rumfar askin. Muka bi shi. A gindin bangon kwanon rumfar, inda ciyawa ta rufe, ga rami nan daidai jikin ƙaramin kare.

"Ikon Allah!" in ji shi a hankali. Ya cire hula. "Kwano, da kwaɗo biyu, da tafiyar Cradock... ashe an riga an gama magana muna can muna ƙona nama."

"Pa..." Annelie ta kama hannunsa.

"Kira min Hestie."

Kafin azahar a-kori-kura ta tsaya. Tannie ta shigo da shirin faɗa, Ruhan na biye da ita. Ta leƙa kwandon, ta ga fuskar Kolle sau biyar a jikin nonon Nonna, sai ta dafe ƙirji ta zauna a kan buhun ulu.

"Wayyo, Gawie! Jikokina ne!"

"Jikokinmu," in ji shi. "Kuma ki sani, tonon ramin nan naki ne ya yi, ba nawa ba."

"Taki ce ta kira shi!"

Suka fashe da dariya, dattawa biyu, hawaye na zuba. Gawie ya ɗago mafi ƙanƙanta a tafin hannunsa ya miƙa wa 'yarsa.

"Wannan naku ne in ya isa yaye. Ki yafe min, 'yata. Na kusa rasa ranar aurenki a kan launin gashi."

Ran Asabar ɗin makon ya shiga da ita coci, Tannie na layin gaba da hankici, ni kuma ina baya da tsohuwar rigata.

To 'yan mata, abin da na gani ke nan da idona. Da Annelie ta bi zafin zuciya ta tafi kotu, ko ta zaɓi ɗaya don ta huce, da ta yi asarar uba ko suruka kwana kaɗan kafin mafita ta iso. Ta yi haƙuri, ta girmama kowa, Allah kuwa ya riga ya shirya mata amsa tun ranar da aka fara rigimar. Ɗan kwikwiyon yanzu yana Bloemfontein. Yana tona rami, yana haushi, ya yaga kujera biyu, kuma ba wanda ya isa ya ce laifin dangin wane ne.