Direban Da Bai San Sunanta Ba

Jirgin bai sauka Sakkwato ba sai da la'asar ta yi sakaliya, daidai lokacin da ma'aikata ke tashi, kowa ya hau titi. Khairat ta fito da akwatinta tana rarraba ido. Karatun jinya ta kammala a Abuja, kuma babanta, Alhaji Atiku, ya riga ya yanke hukunci: ba mai bin hanyar Kebbe da yamma a zamanin nan. Za ta kwana a otal cikin gari tare da Gwaggo Batula, zai aiko wanda zai kai ta.

Wani dogon saurayi mai sanyin murya ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama.

"Ke ce ɗiyar Alhaji Atiku na Kebbe? Sunana Bilyaminu, daga Tambuwal. Shi ya aiko ni."

Kallo ɗaya ta yi masa ta sunkuyar da kai. Ta ɗora wa gajiya laifin bugun ƙirjinta, alhali gajiya ba ta san an yi ba. Duk da haka, kafin ta shiga sai da ta faki idonsa ta ɗauki hoton lambar motar, kamar yadda zaman Abuja ya koya mata.

Suna shiga gari suka tarar da cunkoso. Tirela ta gitta, 'yan kabu-kabu na kurɗawa ta ko'ina, hon kamar zai tsaga kunne. Kwatsam Bilyaminu ya karya kan mota ya faɗa wani lungu.

A nan zargi ya shige ta. Ta tuna ta tsaya a ƙofar fita tana waya da ƙawarta da ƙarfi, ta ambaci Kebbe, ta ambaci sunan babanta. Ai ko wane ne zai iya ji.

"Malam," ta ce, "tunda babana ya aiko ka, mi ne ne sunana?"

Ya ce, "Gaskiya ban sani ba."

Ta kira babanta, wayar ba ta shiga ba. Nan take ta tura wa ƙanenta hoton da saƙo:

"Ubaidullahi, ina ga sace ni anka yi. Ga lambar motar. Ka yi wani abu."

Saƙon na tafiya wayar ta mutu. Ta haɗa kai da gwiwa tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ta madubi ya ga tana kuka, shi ma duk ya rikice.

"Don Allah ki yi haƙuri, cunkoso nika gujewa. Na tambayi Alhaji sunanki, sai yak kau da kai. Abin da yac ce kawai, in ɗauko mai ɗiyar Inna."

Khairat ta ɗago a hankali. Ita ce 'yar fari. Tun da aka haife ta babanta bai taɓa kama sunanta ba saboda kunya, a hannun kakarta Inna ta tashi, kuma duk duniya shi kaɗai ke ce mata ɗiyar Inna. Da mutumin nan ya san sunanta ma, a nan ya kamata ta tsorata.

"Innalillahi," ta ce. "Malam, ka tsaya, na yi ɓarna."

Ba wurin tsayawa. Lungun ya riga ya maido su babban titi, mota gaba mota baya, kusa da shataletale. Shi kuwa Ubaidullahi, ba zauren WhatsApp ɗin da bai watsa hoton ba.

Wani ɗan kabu-kabu ya dubi wayarsa, ya dubi lambar, ya sake duban wayar.

"Ga ta nan! Ga ɓarawon mutane!"

Dutsen farko ya tarwatsa gilashin gaba. Kafin ta buɗe baki an fizgo Bilyaminu waje, jini na zuba daga goshinsa. Ta ga sanduna, ta ga wani ya gungurato taya. Ba ta san lokacin da ta fito ba, sai ganinta ta yi tsaye a kansa ta ware hannuwa, sandar da aka kawo masa ta sauka a kafaɗarta.

"Ni na turo saƙon! Kuskure na yi, babana ya aiko shi!"

"Tsorata ta yay yi," in ji wani. "Kai, faɗi sunanta in gaskiya ne."

Bilyaminu na kwance, bai san sunan ba.

"Ni ɗiyar fari ce," ta ce cikin kuka. "Ku gaya mani, cikinku wa ubanai ya taɓa kama sunan ɗan fari?"

Wani dattijo mai sayar da goro ya kutso ya riƙe hannun mai tayar.

"Nawa ɗan ya yi jikoki, har yau ban kira sunanai ba. Ku sake yaron ga."

Da mayafinta ta ɗaure masa goshi. A Keke Napep suka ƙarasa otal, shi na ba ta haƙuri, ita na kuka, har Gwaggo Batula ta rasa wa za ta lallasa.

Bayan kwana biyu saƙon Bilyaminu ya shigo:

"Ɗiyar Inna, ciwo ya yi sauƙi. Amma har yanzu ba a gaya mani sunan likitata ba."

Ta amsa: "Khairat. Ka riƙe shi da kyau, Direbana, ka ga abin da rashinsa ya jawo."

Daga nan soyayya ta kama su, kamun da ba wasa. Alhaji Atiku bai ja ba, kunyar abin da ya faru ma ta ishe shi. Hajiya Zahara'u, mahaifiyar Bilyaminu, ita ta kafe. Ta ga bidiyon ɗanta a ƙasa, tun daga ranar ba ta ƙara barcin kirki ba. Ta ce ga 'yar ƙanenta nan a Dogon Daji ya aura, amma yarinyar da ta kusa sa a ƙone mata ɗa ba za ta taka mata gida ba.

Khairat ba ta ga laifinta ba. Ita ma ko ƙarar fashewar kofi ta ji sai jikinta ya ɗauki ɓari.

Ta roƙi Inna ta raka ta Tambuwal. A tsakar gida Khairat ta durƙusa gaban Hajiya. Hajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar, wadda har lokacin ba ta ɗaguwa sosai.

"Nan ta same ki?"

Khairat ta gyaɗa kai.

"Ke kika jawo mai dutse, ke kika tare mai sanda. Na daɗe ina auna biyun, na gaji." Ta share ido da gefen zane. "Tashi, ɗiyata."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Kebbe, aka kai amarya da rana tsaka. Da 'yan rakiya suka watse, Hajiya ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah ya yi maku albarka, ya tsare gabanku da bayanku." Ta dubi Khairat. "Ni kaɗai nika zaman jiranai duk randa ya yi yamma bisa hanya. Yanzu mun zama mu biyu."

Khairat ta damƙe hannun mijinta, ta ce amin.